Rabin duro, kurfoti, na gas ko tukuba: wane murhun gashi ya dace da gidanka?

Wani ƙanena da ke Daura ya tare a sabon gidanshi bayan ƙaramar sallah, gida mai ɗan fili ta baya, sai ga shi cikin dare ya turo mani hotuna biyu a WhatsApp. Ɗaya murhun gashi ne na gas irin na 'yan gayu, da murfi da tayoyi da maɓallan murɗawa, a wani shago ya gan shi a Kano. Ɗayan kuma rabin duro ne da wani mai walda ya jingine a bakin shagonshi. Ya ce, "Yaya wanne zan ɗauka kafin layya? Hajiya ta ce bana a gidana za a yi aikin nama." Na fara rubuta mashi amsa sai na ga abin yana ta tsawo, na ce bari kawai in zauna in rubuta shi sosai tunda ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba. Ni dai ba mahauci ba ne, ban gaji fawa ba, amma na ƙona nama ba kaɗan ba, kuma sai da na yi asarar murhu biyu kafin in gane inda gizo ke saƙar.

Abin da za ka duba kafin ka ciro kuɗinka

Na farko, me za ka riƙa gasawa, kuma baki nawa ne za su ci. Gashi fa iri biyu ne. Akwai na wuta kai tsaye, wato tsire, hanta, ƙoda, kifi, masara, kazar da aka buɗe aka baje, duk waɗannan garwashi mai zafi suke so a ƙarƙashinsu, cikin ɗan lokaci an gama. Akwai kuma wanda ke son zafi kaɗan kaɗan na awoyi, kamar cinyar rago, haƙarƙari, wuya, da bandar kifi ko kyafe naman layya don ya daɗe. Murhun da ya iya na farkon ba lallai ya iya na biyun ba, kuma nan ne yawancin mutane ke yin sayen da-na-sani.

Na biyu kuɗi, amma ba kuɗin saye kaɗai ba, har da abin da murhun zai riƙa ci duk ranar da ka kunna shi. Ba zan rubuta farashi da naira ba don tun daga 2023 abin da ka taya yau ba shi za ka tarar ba wata mai zuwa, zan dai faɗi wanne ya fi wanne.

Sai ƙarko, damina nawa zai gani kafin gindinshi ya huje. Sai sauƙi, wajen kunnawa da wankewa da jan shi daga nan zuwa can. Na ƙarshe haɗari, musamman gidan da ke da yara, ko filin ya matse, ko akwai rumfar zana kusa.

Kurfoti da waya a kai

Wannan kusan kowane gida akwai shi, waya kawai za ka ƙaro ka ɗora. Cikin waɗanda ake saye shi ya fi kowanne araha, gawayin da yake ci kaɗan ne, yaro ma ya ɗauke shi da hannu ɗaya. In kai da maiɗakinka ne da yara biyu, kuna son gasa rabin kilo na nama ko zabo ɗaya da daddare, wallahi ya wadatar, kar kowa ya ruɗe ka.

Matsalarshi ƙanƙanta. Wutar tana kusa da naman sosai, kuma ba inda za ka janye shi in kitse ya ɗiga wuta ta tashi, sai dai ka ɗauke wayar gaba ɗaya. Kaza sai ka ga bayanta ya yi baƙi cikinta da jini. Na gwangwani marar kauri wata shida ya gama aiki, na zubi mai nauyi ko wanda aka haɗa da rim ɗin mota kuwa sai ka gaji da shi. Haɗarinshi biyu ne: kifewa, don yaro na gudu zai ture shi, sai kuma babban wanda ya fi, saboda yana da sauƙin ɗauka mutane na shiga da shi ɗaki lokacin hunturu don jin ɗumi. Gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri da barci, in ƙofa da taga a rufe suke shi ke nan. An sha yin jana'iza a kan wannan. Garwashin da ya rage bayan gashi a waje yake kwana, ko a kashe shi.

Rabin duro

Nan zan daɗe don shi na fi sani. Duro ne mai cin lita 200 ake tsagawa gida biyu a tsaye, a kwantar da rabi a kan ƙafafu, a sa rodi a ɗora waya. Duk mai waldan da ka samu a Katsina, ko ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ko ina, zai haɗa maka shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuɗinshi ya fi kurfoti nesa, amma bai kama ƙafar na gas ba. Faɗinshi ne abin so, kaji shida ko bakwai za su hau lokaci guda, kuma za ka iya tara garwashi gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen ba wuta, in nama ya fara ƙonewa ka tura shi can ya ƙarasa a hankali.

To amma akwai buɗaɗɗe akwai mai murfi, kuma bambancinsu ya fi ƙarfin ɗan kuɗin da ke tsakani. Buɗaɗɗen gashin kai tsaye kawai ya iya, in iskar hunturu ta taso sai ta cinye maka gawayi ta watsa toka a kan naman. Mai murfi, wato an mayar da ɗaya rabin duron a kai yana buɗewa yana rufewa, da ɗan bututun hayaƙi a sama da ƙofar iska a ƙasa, wannan murhu biyu ne a jiki ɗaya. Ka buɗe ka yi tsire, ka rufe ka rage iska ya zama tanda, cinyar rago ta yi awa uku ko huɗu a ciki ta fito tana saɓulewa daga ƙashi. Ka jefa ɗan icen mangwaro ko na gwaba a kan garwashin, ga banda ta samu. Turawa ma dabarar ke nan, murhun nan mai kamar ƙwarya biyu a kife na kamfanin Weber, a 1952 wani ma'aikacinsu George Stephen ya fara haɗa shi a Amurka, ya tsaga wani dunƙulen ƙarfe gida biyu ya yi murfi da rabi, don iska da toka sun dame shi. Abin da mai walda zai yi maka ke nan da duro, sai dai nasu ya fi kyan fenti.

Inda ake cutuwa shi ne wajen zaɓen duron. Ka tambaya me aka zuba a ciki da can. Wanda aka kawo man gyaɗa ko wani kayan abinci shi ne daidai. Na maganin ƙwari, na fenti, na sinadarin da ba ka san kanshi ba, bar shi ko kyauta ne. Na fetur kuwa kar ma a kusance shi da injin yanka sai an wanke an cika shi da ruwa, tururin da ya rage a ciki yana fashewa, rayukan masu walda sun salwanta ta haka. Kuma ko wane iri ne, kafin nama ya hau sai ka hura mashi wuta mai ƙarfi ba komai a kai, fentin ciki da na waje ya ƙone ya zube, ka goge, ka shafe cikin da man gyaɗa ka sake ɗumama shi.

Wayar ma a kula. Kar a sa maka ƙarfe mai farin shafe irin na kwanon rufi ko wayar shinge, shafen nan in ya ji wuta hayaƙinshi na sa zazzaɓi. Ragar tsohon firij ma da ake yawan ɗorawa, wasu da roba ko wani shafe a jikinsu. Rodi baƙi zalla ko sitenles, shi ke nan.

Ƙarko kuwa, a nan na yi asarar da na faɗa. Ƙarfen duro ba shi da kauri, milimita ɗaya ne da ɗan wani abu. Na farkon da na saya garwashi kai tsaye nake zubawa a gindinshi, in na gama in bar tokar a ciki in tafi, ruwan sama ya zo ya same ta. Ka san ruwan toka dai, wanda ake yin sabulun salo da shi, to ka bar shi kwance a kan siririn ƙarfe wata uku na damina. Damina biyu ya yi, ta uku na ɗaga shi gindin ya zauna a ƙasa. Na biyun ma haka, don a lokacin na ɗauka laifin mai walda ne na canza wani. Na yanzu na sa an yi mashi tire na farantin ƙarfe mai kauri wanda ake zarowa, garwashi a kanshi yake zama bai taɓa jikin duron, an huda ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya fita, in na gama washegari in zubar da toka in tura shi ƙarƙashin rumfa. Yau shekara biyar ke nan, tiren kawai na canza sau ɗaya. In ba ka da kuɗin tire, ko yashi ka shimfiɗa a gindin kaurin yatsa biyu, amma kar yashin ya jiƙe ya kwana.

Wahalarshi: hura gawayi na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya yi fari ya daina hayaƙi, yana da nauyi in ba a sa mashi taya ba, kuma jikinshi duka zafi yake yi, yaro ya dafa ya ƙone. Ka ce a sa maka mariƙin katako a murfin, ni tabon mariƙin ƙarfe har yanzu yana tafin hannuna.

Na gas

Gaskiya yana da daɗin aiki, ba zan ɓoye ba. Ka murɗa ka kunna, minti goma ya yi zafi, ka rage wuta ka ƙara yadda ka ga dama, ba toka ba fifita ba hayaƙi a ido, uwargida ma za ta gasa kifi da la'asar ba tare da ta nemi almajiri ya hura wuta ba. In gidan sama kake ko gidan haya da maƙwabta ke ƙorafin hayaƙi, shi ne mafita.

Amma shi ya fi duka tsada, da ninki ba ɗaya ba, kuma silinda mai kilo 12.5 da ke yi wa kicin wata guda, wannan in kana gashi akai akai da duka kawunan wutar a kunne za ka ga yadda take gudu. Sannan ɗanɗano. Naman gas nama ne gasasshe, lafiya lau, amma wanda ya tashi da tsiren bakin tasha zai ji akwai abin da babu. Banda kuwa ka manta, sai da dabaru, kuma ba ta kai ta itace.

Abin da ya fi damuna da shi a garinmu shi ne gyara. Irin masu arahar da ake shigowa da su, kan da wuta ke fitowa siririn ƙarfe ne, maiƙo da gishiri na cinye shi, in ya lalace kuma sai ka yi ta yawo daga Katsina har Kano ba ka samu daidai shi ba. Ƙurar hunturu na toshe ƙananan hujojin, zanzaro na shiga bututun ya yi gininshi na laka in ka bar shi wata biyu ba ka kunna ba, sai ka ga wuta ja tana fitowa ta inda bai kamata ba. Duro in ya huje kowane mai walda zai like maka, wannan kuwa sai ya zama teburin ajiye bokiti.

Haɗarinshi yoyon gas. Kumfar sabulu za ka shafa a tiyo da inda aka ɗaura regileta, in ka ga tana ƙwai to akwai yoyo. Tiyo na tsagewa da zafin ranarmu, wanda a watan Afrilu ke wuce digiri 40, don haka ka riƙa dubawa, silinda kuma a tsaye a inuwa. Kuma kullum murfi a buɗe ake kunnawa, gas ya fi iska nauyi, taruwa yake yi a ciki, in ka ƙyasta a rufe sai ya tashi da girarka.

Tsayayyen duro na banda, da murhun laka

Wannan ba na tsire ba ne, na kyafewa ne zalla. Duro a tsaye, wuta a can ƙasa, waya hawa biyu ko uku a sama, a rufe da murfi ko jiƙaƙƙen buhun algarara. In kana kiwon tarwaɗa a gida, ko kana samun kifi da araha daga dam ɗin Daberam ko Sabke ko Ajiwa kana so ka adana, ko matar gida na sana'ar kifi banda, to wannan ne naka. Araha ne kusan kamar rabin duro. Na laka ya fi shi riƙe zafi kuma bai kai shi cin itace ba, irin wanda ake jera tire-tire na waya a kai ɗaya bisa ɗaya, a Ghana aka fara shi a 1969 a wata unguwar masunta da ake kira Chorkor, sai dai shi in ka gina ya zauna ke nan, kuma duk damina sai an yi mashi yaɓe.

Aikin banda haƙuri yake so, awoyi ne kana juyawa kana sauya hawa, wuta ta yi yawa kifi ya ƙone, ta yi kaɗan ya yi tsami kafin ya bushe. Haɗarin shi ne maiƙo ya taru a ƙasa ya kama da wuta, da kuma barin shi ba kowa da dare.

Tukuba

Ta mahauta, tudun toka da ƙasa, wuta a tsakiya, a kafa tsinkayen tsire a kewaye. Kusan kyauta ce, kuma ba abin da ya kai ta iya tsire mai ƙuli, don naman gefen wuta yake ba samanta ba, man da ke ɗiga ba ya faɗawa cikin wutar balle ya ta da baƙin hayaƙi. Dabarar ce 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi ke yi ranar layya, su tsire rago sukutum a sanduna su jera kewaye da wuta. Amma tana son fili, tana cin itace, tana son wanda ya iya, kuma kaza ko kifi ba su zauna mata ba. A gidan da aka shafe da siminti ko tayil ba ta da wurin zama.

Na lantarki ban sa shi a lissafi ba, kowa ya san dalili.

| Murhu | Kuɗin saye | Abin da yake ci | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kurfoti da waya | mafi araha | gawayi kaɗan | na zubi ya daɗe, na gwangwani a'a | mai sauƙi, amma ƙarami | kifewa, shiga da shi ɗaki |
| Rabin duro buɗaɗɗe | matsakaici | gawayi da yawa | ya danganta da toka da ruwa | sai an hura, sai an tsaya a kai | duro mai guba, tartsatsi |
| Rabin duro mai murfi | ya ɗan fi buɗaɗɗe | gawayi daidai | shekaru in da tire | sai an koyi sarrafa iska | ƙuna daga jikinshi |
| Na gas | mafi tsada | gas | kayan gyara na wuya | mafi sauƙi | yoyon gas |
| Duron banda ko na laka | araha | itace | na laka sai yaɓe | aikin awoyi | gobarar maiƙo |
| Tukuba | kusan kyauta | itace da yawa | sai gyara kullum | sai gwani | buɗaɗɗiyar wuta |

Wani abu da ya shafi duka masu gawayi da itace, don ko murhun miliyan ka saya in makamashin banza ne naman banza za ka ci. Gawayin ƙirya shi ne sarki, shi maƙera ke nema, nauyi gare shi, in ka buga biyu sai ka ji ƙara kamar ƙarfe, yana daɗewa bai mutu ba. Na marke ma ba laifi. Marar nauyin nan mai tartsatsi buhu biyu ba su yi maka aikin ɗaya. Icen bedi hayaƙinshi na sa nama ɗaci, na turare warinshi ya yi ƙarfi, katakon da aka yi wa fenti ko guntun filawud kuwa guba ne kawai. Kuma don Allah a daina hura wuta da leda ko kananzir ko fetur, ɗan kara da takarda da aka ɗiga wa man gyaɗa sun isa. Takardar buhun siminti da wasu ke naɗe balangu da ita ni ba na so, ga takardar foyil nan ko'ina. Wanke waya kuma tun tana da zafi ake yi, ka tsaga albasa gida biyu ka soka a cokali mai yatsu ka goge, sannan ka shafa mai. Burushin waya in ya tsufa gashinshi na karyewa ya maƙale a nama. Kaza ka tsaga wajen cinya ka ga ruwan ya fito fari ba ja ba, in kana da ma'aunin zafi na nama to digiri 74 ake nema a tsakiyarta.

To wa zai ɗauki wanne

Ango da amarya, ko ɗan haya mai ɗaki biyu da ke gashi sau ɗaya a wata, kurfoti na zubi da waya mai kyau, ka riƙe sauran kuɗinka ka sayi naman. Mai gidan sama, ko wanda hayaƙi ke tayar wa da asma, ko Alhajin da ke son gashi ranar aiki bayan isha'i ba tare da ya ɓata kaftani ba kuma kuɗin gas bai dame shi, na gas, amma ya tambayi mai shago ko yana da kan wuta da tiyo na canji kafin ya biya. Mai kifi da mai son adana nama, tsayayyen duro, in gidan kanshi ne kuma sana'a ce ya gina na laka. Mai son buɗe sana'ar tsire da yamma, tukuba da buɗaɗɗen duro a gefe don kaji da balangu. Gida mai yawa kuwa, inda ake suna da walima da layya, yau tsire gobe cinya jibi kyafe sauran nama, rabin duro mai murfi da tire.

Shi na ce wa ƙanen nawa ya yi, tunda Hajiya da jikokinta za su cika mashi gida kuma raguna biyu zai shigo da su daga kasuwar Mai'aduwa. Na ce ya nemo duron man gyaɗa da kanshi kar ya bar wa mai walda zaɓi, ya tsaya a kai a sa tire da taya biyu da mariƙin katako, kuma a gama shi aƙalla sati biyu kafin sallah don ya samu ya ƙone fentin ya gwada da kaza ɗaya tukuna. Ya ce to na gas ɗin fa Yaya, ya riga ya nuna wa amarya hoton. Na ce wannan kuma tsakaninku ne.